Ƙullin Inna da Tarihin Kasuwar Mako

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani ɗan ƙulli ne da aka tsinta a ƙasan adudun kakata bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Mu jikoki Inna muke ce mata. Bayan magada sun gama rabonsu, sai aka tara 'yan komatsan da suka rage aka ce jikoki su ɗauka don tunawa. Wannan ta ɗauki tasa, waccan ta ɗauki ludayi, ni kuwa aka miƙo mini wani tsumman saƙi a ƙulle, har ana yi mini dariya wai ga gadon 'yar lele. Da na kwance sai na tarar da wuri guda 7, anini 3, kwabo mai huji guda, da sule guda wanda duk ya yi baƙi. Iyakar abin ke nan.

Na jefa shi cikin akwati na manta. Sai da na yi aure, na hayayyafa, cefane ya fara hana ni barci, sannan wata rana ina gyaran kaya na sake cin karo da shi. Na zauna ina jujjuya kuɗin nan a tafin hannuna, sai labaran da Inna take ba mu na kasuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne na shiga tambayar manya da duba littattafai, don in san hanyar da 'yan kuɗin nan suka biyo. Abin da na samu shi ne zan ɗan gutsura muku, domin an ce waiwaye adon tafiya.

Kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako

Inna mutuniyar wani ƙauye ce a gabas da birnin Kano, kasuwarsu kuwa ita ce Ladin Makole, wadda ke kan hanyar Wudil, a ƙaramar hukumar Warawa. Sana'arta daddawa da man gyaɗa. Idan muka je hutu ni ke ɗaukar mata kwando.

Abin da ya fi ba ni mamaki ina yarinya shi ne, in kika bi ta wurin ana gobe kasuwa ba abin da za ki gani sai rumfunan kara da awaki kwance a inuwa. Amma ran Lahadi tun da hantsi jama'a za su fara ɓullowa ta kowace kusurwa, masu jaki, masu keke, masu amalanke, masu akori-kura, ga Fulani mata da ƙoren nono a ka. Kafin azahar ta cika ta batse, ba kya jin komai sai guɗa ɗaya kamar ta zuma. 'Yan hatsi da layinsu, 'yan koli da nasu, mahauta, maƙera, masu tukwane, masu tabarmi da faifai, can gefe kuma ga kara inda ake cinikin dabbobi. La'asar sakaliya kowa ya kama hanyar gida, wurin ya koma hannun awaki.

Na taɓa tambayar Inna, na ce, “Inna, don me ba a cin kasuwar nan kullum kamar ta birni?”

Ta yi dariya ta ce, “Ke dai 'yar birni ba ki da wayo. In kowa ya zo kasuwa kullum, wa zai yi noman da za a kawo mata?”

Maganarta gaskiya ce. Mutanen ƙauye ɗaya ba su da yawan da za su riƙe ɗan koli ko mai atamfa kwana bakwai. Amma idan ƙauyuka ashirin suka haɗu a wuri ɗaya a rana ɗaya, mai saye ya samu zaɓi, mai sayarwa ya samu jama'a, manomi kuma yini ɗaya kawai ya bari. Shi ya sa garuruwa maƙwabta suke raba ranaku don kada su ci karo, ɗan kasuwa kuwa ya yi ta zagaye, yau yana nan gobe yana can. Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, Ɗambatta da Jibiya da Illela ran Lahadi. Wasu garuruwan ma ranar kasuwarsu ce ta zame musu suna, kamar Talatar Mafara a jihar Zamfara, da Larabar Abasawa, da ita kanta Ladin Makole.

Kada ki ɗauka ko'ina haka ake lissafi. A ƙasar Ibo kwana huɗu ne zagayen kasuwa, kowace rana da sunanta. Mu kuwa kwana bakwai muke bi, sunayen ranakunmu ma daga Larabci muka samo su, wato lissafin ya zo mana ne tare da Musulunci. Hutun Asabar da Lahadi na ma'aikata da 'yan boko abu ne da ya shigo daga baya, sai ya zamana kasuwannin Lahadi sun dace da ranar da maigida yake gida, kuma motar haya take cika da 'yan birni masu neman sauƙi.

Zamanin wuri

Mu fara da wurin nan guda 7. Ko kin san kalmar nan “kuɗi” da muke faɗa kullum jam'in “wuri” ce? Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Shi wuri ƙwanson wata 'yar halittar teku ce, mafi yawansa daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya ake kwaso shi, ya ratso duniya kafin ya iso hannun mai ƙosai a ƙasar Hausa.

Uwar kasuwannin ƙasar Kano ita ce Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ita kullum take ci. Amma in kin lura, abin da ake jibgewa a Kurmi daga ƙananan kasuwannin karkara yake tasowa: auduga, baba, fata, hatsi, zare. Zaren nan kuwa wa ke kaɗa shi? Mata ne, a cikin ɗakunansu, da mazari da alli. Su kaɗa, a kai kasuwar mako, masaƙa su saya, marina irin na Kura da Ƙofar Mata su rina, mabuga su buga, sannan fatake su ɗora wa raƙuma da jakuna zuwa Barno da Agadas da Tambutu. Wasu ayarin su nufi Gwanja su komo da goro. Ashe rawanin da Buzu yake taƙama da shi a cikin Sahara daga yatsun wata baiwar Allah ya faro.

A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka Kano, ya kuma rubuta abin da ya gani a kasuwa. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne maganar dillalai. Ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a naɗe, ya tafi da shi har Barno, ya kwance ya tarar da algus, to mayar da shi ake yi Kano. A cikin kowane naɗi akwai sunan dillalin da aka yi ciniki ta hannunsa, shi zai nemo mai kayan, dole kuma a mayar wa mai saye kuɗinsa. Ki duba fa, babu waya, babu mota, tafiyar makonni, amma amana tana zuwa ta dawo.

Bayansa a 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, shi ma ya zo. A zamaninsa wuri 2,500 ne ake canjin dalar azurfa guda. Wuri 20,000 shi ake ƙunshewa a cikin tabarma a ce keso guda, kaya ne sosai na ɗauka. Ke nan wanda ya sayar da doki sai ya nemi masu ɗaukar masa kuɗi, ƙirgawa kuwa aikin yini ne.

Kasuwa a wancan zamani tana da shugabanni, kamar yadda har yau ake da su a wurare da yawa. Akwai Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigima, akwai Sarkin Pawa na mahauta, akwai shugaban dillalai. Mu ma mata ba a bar mu a baya ba, domin akwai Korama, macen da ke shugabantar masu awon hatsi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwacen da masu mulki ke yi wa 'yan kasuwa da sunan haraji a cikin abubuwan zalunci da ya yi kira a daina.

Sai dai 'yar uwa, kada in yi miki tarihi rabi. Wurin nan da nake jujjuyawa, da irinsa aka sayi mutane. A Kurmi akwai rumfunan da ake zaunar da bayi, maza gefe, mata gefe, mai saye ya duba haƙori ya duba ido kamar yadda ake duba akuya. Da yawansu mata ne da ƙananan yara waɗanda aka kamo wajen hari. Inna ta ce a ƙauyensu akwai wata tsohuwa da ta mutu ba ta san sunan garinsu ba, abin da take iya tunawa kawai wani dutse da rafi a bayansa. An rufe kasuwar bayi ta Kano bayan da Turawa suka ci garin a 1903, amma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Duk mai cewa zamanin da komai zuma ne, to bai tambayi irin wannan tsohuwa ba.

Zamanin anini da kwabo

Da Turawa suka zauna, sai suka hana shigo da wuri, suka kawo kuɗin ƙarfe, suka ce da shi za a biya haraji. A 1907 aka fara buga anini da kwabo, masu huji a tsaka da hoton tauraro, mutane suna zura su a zare. Ga yadda lissafin yake, don 'yan baya su sani: anini 10 kwabo ɗaya, rabin kwabo shi ne ɗari, kwabo 3 toro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 2 fataka, sule 20 fam guda. In kin ji ana cewa wane ba shi da ko sisi, ko ba shi da ko anini, to ga asalin maganar.

Inna ta ce wuri bai mutu rana ɗaya ba. Tana ƙarama ta ga tsofaffi suna karɓarsa a cinikin gishiri da kuka da daddawa, don ba su yarda da ƙarfen Nasara ba. A hankali ya zama ba mai karɓa, waɗanda suka binne tukwane cike da shi suka wayi gari dukiyarsu ta koma abin adon ƙwarya da wasan yara. Haka canjin kuɗi ya cinye wa talakan ƙauye ajiyarsa, ba kuma shi ne karo na ƙarshe ba.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, shekara ta zagayo cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa suna bayar da kuɗi ga manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, su kuma su baza yaransu kasuwannin ƙauye da sikeli suna saye. Daga nan aka samu dalar gyaɗa a Kano. Kasuwar mako ta canja kama: ga atamfa da akoko daga Ingila, ga kananzir, ga ashana, ga sabulu, ga kwanon sha da fanteka da suka fara ture ƙwarya da akushi. Yadin kanti ya fi saƙi araha, saboda haka a hankali mazari ya faɗi daga hannun mata. Amma mata ba su zauna sun naɗe hannu ba. Gyaɗar nan da ta cika ƙasa suka kama, suna matsar mai suna toya ƙuliƙuli, wasu suka riƙe fura, wasu daddawa, wasu dambu da ƙosai.

Kasuwar da ke cikin ɗaki

Nan ga wani abin lura. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Rumfa da ya kafa Kurmi shi ne kuma ya fara kulle a gidan sarauta. Amma kulle bai game gidajen talakawa ba sai a ƙarnin da ya wuce, bayan da bauta ta ƙare, domin a da bayi mata aka sani da noma da itace da ɗebo ruwa, saboda haka zaman ɗaki ya zama alamar 'yanci da mutunci.

To kulle ya hana mace ciniki? Ina! Inna ta ce shekarunta na ƙuruciya ko hanyar kasuwa ba ta taka ba, amma duk Lahadi kayanta suna can. Wata tsohuwa ce dillaliyarta, ita ke kai mai ta komo da kalwa da kanwa, ta cire la'adarta. Sai da girma ya kama Inna, 'ya'yanta suka yi aure, sannan ta fara zuwa da ƙafarta. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma gano cewa kaso mai yawa na cinikin hatsi da abinci a garin a cikin gidaje ake yinsa, a hannun matan kulle, yara ne ke kai da kawowa. Mu dai mun san wannan tun kafin a rubuta.

Amma a nan ma akwai inda gizo ke saƙa. Ƙafar da matar kulle take zuwa kasuwa da ita, ƙafar 'yarta ce. Da ribar talla ake tara kwalla da langa da gado na kayan ɗaki, shi ya sa ko da aka buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa a 1976, gidaje da yawa suka tura maza suka riƙe mata. Ƙawata ta ƙauye wadda muke ɗaukar kwando tare ta fi ni kai nesa ba kusa ba, lissafin canji kafin in buɗe baki ta gama. Ita ba a sa ta makaranta ba. Yau in an rubuta mata magani a asibiti sai ta nemi mai karanta mata. Duk sanda na ga yarinya da farantin talla a tashar kasuwa bayan magariba, a tsakanin 'yan kamasho da direbobi, ita nake tunawa, gabana kuma ya faɗi.

Zamanin naira

Ran 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Amma bakin 'yan kasuwa bai bi doka ba. Shekara da shekaru ana ce wa kwabo 10 sule, naira 200 kuwa a ce jaka guda, domin fam 100 ne. Shekarar ta zo da fari mai tsanani, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka yi ta gangarowa da 'ya'yansu. Inna ta ce a lokacin ta ga saniya ana neman a ba da ita a kan hatsin da bai taka kara ya karya ba.

Sai kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, kaya suka yi tashin gwauron zabo, a shekarar kuma cuta ta kashe gyaɗa, dala ta fara zama labari. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canja launin takardun kuɗi ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu cikakku ba, mutanen ƙauye da ke nesa da banki da yawa suka yi asara. A 1986 aka shigo da tsarin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta zube, layin 'yan gwanjo ya fi na masu sabon yadi cika. Takardar naira 50 ta fito a 1991, ta 100 a 1999, ta 1,000 a 2005. Kowace sabuwar takarda in ta fito sai ki ga ta ƙasa da ita ta zama kuɗin alewa.

Na baya-bayan nan kuwa da idonmu muka gani. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kasuwannin bakin iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari, waɗanda rayuwarsu ta dogara da 'yan uwanmu na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, suka sha wuya. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, maƙwabtanta ma suka taƙaita cinikin dabbobi a wasu yankuna. A watan Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato ana tsakiyar ciniki, aka kashe mutum fiye da 40. Mutane ne da suka fito neman abin miya kamar ni da ke. Allah ya jiƙansu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Ranar da na je kasuwa ba ko kwabo

A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka janye tsofaffi, sababbi kuwa ba su wadata ba. A watan Fabrairu na 2023 hatsinmu ya ƙare, azumi kuma yana matsowa. Na nemi izinin maigida, na ɗauki babban ɗana muka hau motar Wudil muka sauka Ladin Makole. Kuɗina suna banki, hannuna kuwa ban da kuɗin mota ba komai. Masu na'urar cirar kuɗi ko dai ba su da shi, ko kuma abin da za su yanka ya fi ƙarfina.

Na tsaya gaban wani dattijo mai gero. Muka gaisa, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Da aka zo biya na ce, “Baba, sai dai in yi maka tiransifa.”

Ya ce, “'Yata, ni ban da asusu. Wayar ma ta jikana ce.”

Na yi tsuru-tsuru, kunya ta rufe ni, na fara ba shi haƙuri zan wuce. Sai ya ƙura mini ido ya ce, “Tsaya. Ke 'yar gidan wa ce a ƙasar nan? Na ga kamar na san fuskar.”

Na faɗa masa sunan ƙauyenmu, na ce ni jikar Inna mai daddawa ce.

Dattijon nan ya yi salati ya ce, “Allahu akbar! Shekarar da aka yi fari, uwata ta ci bashin mai da daddawa a wurinta har damina ta faɗi, ba ta taɓa aiko mana ba. Auna mata, yaro. Ɗauki ki tafi, duk Lahadin da kuɗi suka samu kya aiko.”

Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. A gefenmu kuma ga wata Bafulatana tana ba da nono ana zuba mata gero a ƙwarya, wato furfure irin na kakanni ya dawo da ransa. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris aka ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, ni kuwa Lahadi biyu tsakani na aika ɗana da kuɗin dattijo, har da ɗan goro.

A mota muna komowa na yi ta tunanin ƙullin nan. Wuri ya wuce, anini ya wuce, sule ya wuce, ita kanta naira ta ɓuya a ranar da nake nemanta. Abin da ya auna mini gero a ranar halin kirki ne da wata tsohuwa ta shuka shekara 50 da suka wuce, ba ta ma san za a haife ni in ci moriyarsa ba.

'Yar shawara ga 'yan uwana

To 'yar uwa, tunda an ce zuwa da kai ya fi aike, in maigida ya yarda kuma hanya tana da lafiya, ki ɗan leƙa kasuwar mako ko da sau ɗaya ne a kaka, cikin shiga ta mutunci, tare da muharraminki. In kuma ba hali, ki san abin da za ki faɗa wa ɗan aike.

Ki san lokaci. Gero da dawa da wake da kaka suke araha, daga bazara zuwa tsakiyar damina kuwa sai su hau. Tumatir da tattasai da albasa lokacin sanyi suke yawa, sai ki yanka ki shanya. Wadda ta ɗauki adashinta ta sayi buhu da kaka ta huta da awon kullum.

Ki san ma'auni. Galibi kwano 40 ake lissafawa a buhu, amma kwano ya sha bamban da kwano. Akwai wanda aka bubbuge gindinsa, akwai wanda aka rage bakinsa. Ki tafi da naki na gida, ki sa hannu har ƙasan buhu ki gani ko abin da ke sama shi ne a ƙasa. Kada sauƙin kuɗi ya ruɗe ki, araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mayar da kuɗi gida ne.

Ki yi tayi, don tayi al'adar kasuwa ce, ki nemi gyara ma ba laifi. Amma ki dubi wanda kike yi da shi. Wasunmu in sun shiga babban kanti ko uffan ba sa cewa, abin da aka liƙa shi suke biya, amma in suka samu tsohuwa da 'yar kuka da kuɓewa a faifai, wadda ta yi tafiyar sa'a biyu a ƙasa, sai sun matse ta kamar tunkuza. Wannan ba wayo ba ne, rashin tausayi ne.

In ke ce mai sayarwa, ko a ɗakinki kike, ki ji tsoron Allah a mudu. Sura guda aka saukar a Alƙur'ani da sunan masu tauye awo. Kada ki sirka man gyaɗa, kada ki jiƙa hatsi don ya yi nauyi. Sannan ki dubi 'yarki. In dole ne ta taya ki, to ya zama bayan an tashi daga makaranta, a cikin unguwa, ta kuma dawo kafin rana ta faɗi. Kwalla da langa suna tsatsa, mu shaida ne.

Ƙullin Inna yana nan a akwatina, na ƙara masa naira guda ta ƙarfe da tsohuwar takardar naira 5. In Allah ya kai mu ranar da zan kai babbar 'yata ɗakinta, zan sa mata shi a ƙasan kaya, in kuma ba ta labarin dattijo mai gero.

Allah ya sa albarka a cefanenmu, ya tsare masu fita nema a kan hanya, ya jiƙan iyaye da kakanni, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in rai ya kai. Wassalamu alaikum.